Manyan Tayoyin Daji a Kan Wilin Kamfani: Wane Girma Ya Dace da A-kori-kura?

Duk mai a-kori-kura da ke yawan sauka daga kwalta yakan kai lokacin da zai ga tayoyin da motar ta fito da su daga kamfani sun yi masa kaɗan, ko don cikin motar yana taɓa ƙasa a hanya mai ramuka, ko don zanen tayar ba ya kama laka. Abin da ya fi sauƙi a tunani shi ne a sayi manyan tayoyi a ɗora su kan wilin da ke jikin motar, tunda sabon wili huɗu ko biyar wani kuɗi ne na daban. Hakan yana yiwuwa, amma yana da iyaka, kuma faɗin wilin da yadda ya zauna a ƙafar motar su ne suke yanke iyakar. Yawancin masu saye kuwa tsayin taya kaɗai suke tambaya.

Domin kwatancen ya tsaya a kan lissafi, za a ɗauki mota mai taya 265/65R17 a kan wili mai faɗin inci 7.5, wanda shi ne haɗin da ake samu a jikin Toyota Hilux da yawa na zamani. Lambar farko, wato 265, faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin 100 na faɗinta, 17 kuma girman wili ne a inci. Idan aka haɗa gefe biyu da wilin, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama inci 30.6, ko milimita 776. Mai wata mota daban sai ya karanta lambobin da ke gefen tayarsa, da waɗanda aka buga a bayan wilinsa, ya yi irin wannan lissafi.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne faɗin wilin da kamfanin taya ya amince da shi. Kowace taya tana da teburin da ya nuna mafi ƙanƙantar wili da mafi faɗinsa da za a iya ɗora ta a kai. Idan aka matse taya mai faɗi a kan siririn wili, leɓɓanta biyu suna matsowa kusa da juna, sai tsakiyar zanen ya yi tozo, gefunan kuma su ɗaga daga ƙasa. Sakamakon haka tsakiyar ke cinyewa da wuri, motar kuma ta riƙa lilo a kwana saboda gefen tayar ba shi da madogara mai kyau. Ƙa'idar da masu ƙera taya suke bi ita ce, duk rabin inci da aka rage a faɗin wili yana rage faɗin tayar da kimanin milimita 5.

Na biyu shi ne sarari. Wilin kamfani galibi yana zaune ne a can ciki, abin da ake kira ofset, domin tayar ta ɓuya a ƙarƙashin madigadi, nauyin motar kuma ya sauka daidai kan boris. Tunda wilin ba zai motsa ba, duk faɗin da aka ƙara wa taya rabuwa yake yi biyu, rabi waje rabi ciki, kuma a ciki ne ƙarfen sama da ke riƙe ƙafar gaba yake, tare da shasi. Tsayi kuma yana cin sarari a gaba da bayan tayar lokacin da aka murza sitiyari, inda bamba da robar taren laka da kujerar da bodi ya zauna a kai suke.

Na uku shi ne abin da tsayi yake yi wa inji da birki da maleji. Doguwar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, saboda haka ƙarfin da ke isa ƙasa yana raguwa daidai gwargwadon ƙarin tsayin, ƙarfin birki ma haka. Maleji zai riƙa nuna gudun da bai kai na gaskiya ba, ya kuma ƙirga tafiyar da ba ta kai wadda aka yi ba, abin da ke sa lokacin juyen mai ya wuce ba a sani ba.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, da daɗewar tayar, da sauƙin aikin, da haɗari. A kan riba kuwa akwai gaskiya ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga farko: cikin mota yana ɗagawa ne da rabin tsayin da aka ƙara wa taya, domin sauran rabin yana sama da aksul. Wanda ya ƙara inci biyu ya samu inci ɗaya.

Zaɓi na farko: 265/70R17

Wannan mataki ɗaya ne sama da tayar asali. Faɗin bai canja ba, tsayin ya koma inci 31.6, cikin motar ya ɗaga da milimita 13. Wilin inci 7.5 yana cikin abin da kamfanonin taya suka amince da shi, don haka zanen zai kwanta sosai ya cinye daidai. A yawancin motoci tana shiga ba tare da yanka ba, in ma ta goga to a robar taren laka ne, wadda ake iya datsewa ko a cire. Idan maleji ya nuna kilomita 100 a awa, gudun gaskiya 103 ne, bambancin da inji da birki ba sa damuwa da shi. Safaya ma galibi tana shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi.

Milimita 13 ba abin a zo a gani ba ne, kuma ba shi ne ribar wannan zaɓi ba. Ribar tana cikin sauya irin tayar, daga ta kwalta zuwa mai manyan haƙora da gefe mai ƙwari. Mutane da yawa da suke ganin suna bukatar babbar taya, a haƙiƙa zane suke bukata.

Zaɓi na biyu: 285/70R17

Ita ce ake kira taya mai inci 33, ko da yake lissafinta 32.7 ne. Cikin mota yana ɗagawa da milimita 27, faɗi kuma ya ƙaru da milimita 20, goma ciki goma waje. A teburin yawancin kamfanoni inci 7.5 shi ne mafi ƙanƙantar wilin da aka yarda da shi ga wannan girma, wato mai wilin 7.5 yana bakin iyaka amma bai tsallake ba, mai wilin inci 7 kuwa ya tsallake. Wannan rabin incin shi ne abin da ya kamata a fara dubawa kafin a biya kuɗi.

A nan ne aiki yake farawa. Milimita goman da suka shiga ciki sukan kawo gefen tayar dab da ƙarfen sama na ƙafar gaba, a wasu motocin har ya taɓa, musamman idan tayar mai haƙora a gefe ce. A waje kuma, idan aka murza sitiyari har ƙarshe ana baya, kusurwar tayar takan goga bayan ramin madigadi. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaga gaban motar da kimanin inci biyu, a datse robar cikin madigadi da gefen bamba, wani lokaci kuma a nemi mai alaimen ya ɗan tura ƙafar zuwa gaba idan motar tana da wurin saitin hakan. A wasu motocin sai an yanke kusurwar kujerar bodi an sake walda ta, kuma wannan aikin ya taɓa shasi, ba abin da za a ba kowane mai walda ba ne.

Akwai kuskuren fahimta game da ɗaga mota da ya kamata a gyara. Ɗagawa tana canja inda ƙafar take tsayawa lokacin da motar ke ajiye, amma idan ƙafar ta faɗa rami sifirin ya matse har ƙarshe, tayar tana komawa daidai wurin da take kaiwa kafin a ɗaga. Saboda haka motar da ba ta goga a kwalta tana iya yage madigadinta a ranar farko da ta shiga daji da kaya. Gwajin da ya dace shi ne a murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a yi gaba a yi baya, sannan a hau da ƙafa ɗaya kan tudu yadda za ta matse, a duba da ido ko akwai tazarar da yatsa zai shiga.

Maleji zai yi ƙarya da kashi 7 cikin 100. Idan giyar aksul ɗin motar 3.73 ce (sandar da ke kawo ƙarfi daga giya tana juyawa sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya), za ta riƙa aiki kamar 3.49, wato tashi zai yi nauyi, giya mai sarrafa kanta kuma ta riƙa sauka tana hawa a kan tudu. Injin dizal mai ƙarfi a ƙananan juyi yana jure wannan fiye da ƙaramin injin fetur. Nauyi ma yana ƙaruwa: tayar kwalta ta asali ba ta cika wuce kilo 18 ba, wannan kuwa takan kai kilo 23 zuwa 27 gwargwadon kaurinta, kuma nauyi ne da ke juyawa, wanda shokozoba da boris da birki suke ɗauka kullum. Shan mai zai ƙaru. Wani alheri ɗaya da siririn wili yake da shi a nan shi ne yana riƙe leɓen taya da kyau idan aka rage iska domin yashi, kuma kumburin gefen tayar yana kare bakin wilin daga duwatsu.

Zaɓi na uku: 255/80R17

A ganina wannan ne zaɓin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi dacewa da wilin kamfani. Tsayinta inci 33.1 ne, ta ɗara 285/70R17 kaɗan, tana ɗaga cikin mota da milimita 32, amma faɗinta bai ma kai na tayar asali ba. Wilin inci 7 ko 7.5 daidai yake da ita, zanen yana kwanciya sosai, matsalar goga ƙarfen ƙafa daga ciki kuma ta kau. Siririyar taya ba ta tura iska da ruwa da yawa a gabanta, ba ta bin kwarin da manyan motoci suka yi a kwalta kamar yadda mai faɗi take yi, a laka mai ƙasa mai tauri a ƙarƙashinta kuma tana yankawa ta isa inda za ta kama.

Ana yawan cewa mai faɗi ta fi a yashi. Akwai gaskiya a ciki, sai dai idan aka rage iska, sawun taya ya fi ƙaruwa ta tsawo fiye da ta faɗi, kuma doguwar taya mai dogon gefe tana da wurin da za ta baje. Bambancin bai kai yadda ake zato ba.

Tana da nata aibin. Tsayin yana nan, don haka gogar gaba da baya lokacin murza sitiyari ba ta tafi gaba ɗaya ba, ɗaga motar kaɗan da datse roba suna iya zama dole. Maleji yana kuskure da kashi 8 cikin 100, inji da birki kuma suna jin abin da suke ji da 285. Dogon gefen yana sa motar ta ɗan yi laushi a kwana mai gudu. Babbar matsalar ita ce samuwa: kamfanonin da suke yin wannan girma ba su da yawa, galibi kuma da kauri mai yawa suke yin ta, don haka wanda tayarsa ta fashe a tafiya mai nisa zai iya neman irinta ya rasa. Mai wannan zaɓi ya sayi biyar tun farko, ya kuma auna mazaunin safaya kafin ya saya.

Zaɓi na huɗu: 315/70R17 ko 35x12.50R17

Waɗannan su ne ake kira inci 35. Ta farkon lissafinta inci 34.4 ne, tana ɗaga cikin mota da milimita 48, wanda riba ce ta gaske a kan duwatsu. Amma teburin kamfanoni yana neman wilin da bai gaza inci 8 ko 8.5 ba, saboda haka wilin 7.5 ya fita daga abin da aka amince da shi. Mai faci zai iya ɗora ta, za ta kuma riƙe iska, sai dai shigar taya kan wili ba ita ce dacewa ba. Tozon tsakiya zai cinye kafin gefuna, mai motar zai rage iska don zanen ya kwanta, ragin iskar kuma ya rage nauyin da tayar za ta iya ɗauka ya ƙara mata zafi a doguwar tafiya. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Faɗin ya ƙaru da milimita 25 ta ciki, abin da kusan babu a-kori-kura matsakaiciya da za ta ɗauka ba tare da an turo wilin waje ba. Maleji yana nuna 100 ana gudun 112. Giyar aksul 3.73 ta koma kamar 3.32, kuma don a dawo da ƙarfin asali sai an sauya ta zuwa 4.10 ko 4.30, gaba da baya duka idan motar mai giyar ƙafa huɗu ce. Sai yanka mai yawa, sai ƙarin nauyi a kan sandunan aksul na gaba da akwatin sitiyari, sai safaya da ba za ta shiga ƙarƙashi ba, dole ta koma cikin bodi ta cinye wurin kaya.

Masu son wannan girma sukan kawo misalin Ford F-150 Raptor, wadda take fitowa daga kamfani da 315/70R17. Misalin gaskiya ne, amma hujja ce a kansu: wilinta inci 8.5 ne, an faɗaɗa ƙafafunta da madigadinta, an kuma zaɓi giyar aksul da birki da shokozoba tun daga zane saboda wannan tayar.

Faifan tazara ko sabon wili

Idan taya tana goga daga ciki, hanyoyi biyu ne. Faifan tazara, wanda ake sawa tsakanin wili da ƙafa, yana da araha, amma bai ƙara wa wilin faɗi ba, ya dai turo shi waje, kuma turowar tana ƙara gogar kusurwa lokacin murza sitiyari, tana kuma ƙara wa boris aiki. Idan za a yi amfani da shi, ya zama mai zama daidai a kan cibiyar ƙafar, mai nasa notocin, a ɗaure su da ma'aunin da aka ƙayyade, a sake dubawa bayan gajeriyar tafiya. Wasu ƙasashen sun hana shi a hanya. Sabon wili mai faɗin inci 8 ko 8.5 ya fi tsada amma yana warware faɗi da ofset a lokaci ɗaya. A lura da tsarin ramukan noti: Hilux da Ranger da D-Max suna amfani da 6x139.7, wato ramuka shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, F-150 kuwa 6x135, ba sa shiga juna.

| Girma | Tsayi (inci) | Ɗagawa (mm) | Gudu idan maleji ya nuna 100 | A kan wilin 7.5 | Aikin da ake bukata | Kuɗi gaba ɗaya | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 265/70R17 | 31.6 | 13 | 103 | Ya dace | Kaɗan ko babu | Mafi sauƙi | Kaɗan |
| 285/70R17 | 32.7 | 27 | 107 | Bakin iyaka | Ɗagawa da datsa | Matsakaici zuwa sama | Matsakaici |
| 255/80R17 | 33.1 | 32 | 108 | Ya dace | Ɗagawa kaɗan da datsa | Matsakaici | Wahalar samuwa |
| 315/70R17 | 34.4 | 48 | 112 | Bai dace ba | Yanka, giyar aksul, wili | Mafi tsada | Babba |

Kauri da zane da doka

Girma ɗaya yana zuwa da kauri daban-daban. Tayoyin da aka rubuta LT a gaban lambarsu, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, suna da harafin C ko D ko E, wanda yake daidai da ƙarfin shafi 6 da 8 da 10. Mai E ta fi jure kaya da ƙaya da duwatsu, amma a ƙarƙashin a-kori-kura matsakaiciya da ke yawo ba kaya tana da tauri da nauyi, mai C ta fi daɗin tafiya. Abin da ba a sassautawa shi ne lambar nauyi da ke gefen tayar kada ta gaza ta asali: 112 tana nufin kilo 1,120 a kowace taya, 121 kuma kilo 1,450. Tayar LT tana bukatar iska fiye da ta ƙananan motoci kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka adadin da ke manne a ƙofar direba ya daina aiki, wanda ke gefen tayar kuma iyaka ce ta ƙarshe. Teburin nauyi da iska na kamfanin tayar shi ne abin bi, sannan a ja layin alli a kan zanen a yi 'yar tafiya, a ga ko ya goge daidai daga gefe zuwa gefe.

Zanen da ake rubuta wa AT yana tafiya a kwalta da daji duka, ya fi daɗewa, ƙararsa kuma kaɗan ce. Mai MT na laka ne, yana da ƙara, yana cinyewa da sauri a kwalta, birkinsa a jiƙaƙƙiyar hanya kuma bai kai na AT ba. Duk wanda aka zaɓa, safaya ta zama girmansu ɗaya, domin tayoyi masu bambancin tsayi suna takura giyar ƙafa huɗu, suna kuma rikita na'urar hana birki kullewa.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ostireliya ƙa'idar ƙasa ta gyaran ƙananan motoci ta ba masu giyar ƙafa huɗu damar ƙara tsayin taya har milimita 50, wanda ke nufin 265/70R17, da ta ƙara 27, tana ciki, 285/70R17 kuwa, da ta ƙara 55, ta wuce. A Jamus girman da ba ya cikin takardun mota sai an gwada shi an rubuta shi. Ƙasashe da yawa kuma suna neman madigadi ya rufe zanen tayar. Kamfanin inshora da mai garanti suna iya kafa hujja da gyaran da ba a sanar da su ba.

Wa ya dace da wanne

Wanda mafi yawan tafiyarsa a kwalta take, yana sauka daji ne lokaci-lokaci, ko motarsa tana cikin garanti, 265/70R17 mai zanen AT ta ishe shi. Haka ma mai ɗaukar kaya masu nauyi ko jan tirela, domin shi ne ya fi kowa bukatar ƙarfin inji da birki su zauna yadda suke, sai dai ya zaɓi kaurin D ko E.

Wanda matsalarsa cikin mota ne da ke taɓa ƙasa a hanyar da ta yi kwari, kuma ya ƙudurta ba zai sauya wili ba, 255/80R17 ce tasa, muddin ya tabbatar da inda zai samu irinta ya kuma sayi biyar. Idan doguwar tafiya yake yi zuwa wuraren da shagon taya ba shi da zaɓi, 285/70R17 ta fi sauƙin samu, da sharaɗin wilinsa bai gaza inci 7.5 ba, kuma ya sa kuɗin ɗagawa da datsa da alaimen da saita maleji a cikin lissafinsa tun farko. Mai wilin inci 7 ya bar 285, ya zaɓa tsakanin 265 da 255.

Inci 35 na wanda ya keɓe motar don duwatsu da laka mai zurfi ne, kuma shi ma sai da sabon wili mai faɗin inci 8.5 ko fiye, da sabuwar giyar aksul, da wurin da zai ajiye safaya.